Shin Ko Kun San Yadda Ake Safarar Ƙafafun Jirgin Ƙasa?

Shin ko kun san dogon da ya fi kusa da mutanen garin Guri shi ne na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Malam Madori da Birniwa, aka kammala shi a 1930? Gyaɗa da fatu ya zo kwasa. Faɗinsa milimita 1,067 ne, alhali sabon layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, faɗinsa 1,435. Saboda haka ƙafar da aka ƙera wa taragon Maraɗi ba za ta hau dogon Nguru ba, ko da an kawo ta kyauta.

Ƙafafun tarago biyu a manne suke jikin sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa. In an haɗa su ukun sukan haura tan ɗaya, wato fiye da manyan buhunan shinkafa goma. A ƙa'idar masu jiragen ruwa, akan auna nauyin kaya da kuma wurin da ya ci, duk wanda ya fi kawo kuɗi da shi za a caje ka. Ƙarfe kuwa galibi nauyi ke kayar da shi. Kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki kusan tan 28, don haka nauyi kan cika tun da sauran fili a ciki. A takardun kwastan na duniya, wannan kaya yana ƙarƙashin lamba 8607.

Amma abin da zai ba ku mamaki, wannan jibgegen ƙarfe ƙwarzane yake tsoro. Bakin sandar, inda boris ke zama, sumul ake goge shi. Sai a shafe shi da man hana tsatsa, a naɗe, a sa masa murfi. Ana kwantar da sandunan kan katakon da aka fafe daidai jikinsu, a raba tsakaninsu, a ɗaure tam, kuma ba a yarda sarƙa tsirara ta taɓa su. Ƙaramin tabo na iya zama tsaga bayan juyi miliyoyi. A Viareggio ta Italiya, a 2009, sanda ɗaya ta karye a jirgin dakon iskar gas, mutum 32 suka rasu. Wanda ya ga ana lallaɓa ƙarfe ya ce ɓata lokaci ne, bai san aikin ba.

Shi ma katakon sai an gasa shi a zafin digiri 56 na minti 30, an buga masa hatimi, don kada ya tsallaka da ƙwari wata ƙasa.

Ko kun san ta ruwa aka yi jigilar kayan dogon da ya iso Kano a 1911? Jiragen ruwa ne suka hauro da su Kogin Neja zuwa Baro, kuma sai sun jira kogin ya cika.