Tarin fukan da ya daina jin magani

Yau maganarmu a kan tarin fuka ce, irin wanda ake shan magani amma bai ji.

Tarin fuka na yau da kullum wata 6 ake shan maganinsa. Bayan kamar wata 2 sai tari ya lafa, jiki ya yi ƙarfi, mutum ya ce ai na warke, ya ajiye ƙwayoyi. To nan fa matsalar take. Ƙwayoyin cutar masu rauni sun mutu, masu taurin kai sun rage, su ne za su hayayyafa. In suka daina jin rifampicin da isoniazid, manyan magungunan nan biyu, shi ne likitoci ke kira MDR. Kuma ku sani, ko wanda bai taɓa shan magani ba zai iya ɗaukar irin wannan kai tsaye daga tarin wani.

A da, jinyarsa wahala ce zalla. Wata 18 zuwa 24, da allura kullum na tsawon watanni, allurar da ta kurmantar da mutane da yawa. Daga Bangaladash aka fara gwada tsarin wata 9, kuma Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka ɗauke shi, da taimakon gidauniyar Damien. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin BPaLM: magani huɗu, duk na haɗiya, babu allura, wata 6 kacal.

To in magani ya samu, ina gizo ke saƙa? Na farko, gwaji. Duba majina a madubin asibiti ba ya nuna ko cutar na jin magani. Sai na'ura irin GeneXpert, wadda ke ba da sakamako cikin kamar awa 2, amma tana son wuta mai ɗorewa da ɗaki mai sanyi, shi ya sa ƙananan asibitoci ke tura majina zuwa birni. Na biyu, bibiya. Bedaquiline na buƙatar a riƙa duba bugun zuciya, linezolid kuma kan rage jini ko ya sa ƙafa ta riƙa mutuwa. Na uku, aljihu. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, amma kuɗin mota da abinci na kan majiyyaci, ga shi ya bar sana'a.

Saboda haka in wani naka na kan magani, kada ka guje shi. Raka shi asibiti, tuna masa lokacin ƙwaya, a buɗe tagogi iska ta shiga. In maganin ya dame shi, ya koma ya faɗa wa likita, kada ya tsayar da kansa. Tarin da ya wuce sati 2 kuwa, a je a yi gwaji. A Najeriya ana iya kiran 3340 kyauta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.