Awon Aikin Ƙwayar Gado da Na'urar PCR

Ƙwayoyin gadon da ke cikin hantar mutum su ne ke cikin fatarsa, amma ba duka ke aiki a ko'ina ba. Wadda ta tashi aiki takan fitar da saƙo, watau sinadarin da masana ke kira RNA. Yawan saƙon nan shi ake son aunawa.

Saƙon kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka akan juya shi ya koma DNA, a haɗa da rini mai ƙyalli, a sa cikin na'ura. Ita kuwa ta yi ta zafafa shi tana sanyayawa kamar sau 40, a kowane zagaye ya ninka biyu, ƙyallin ya ƙaru. Kary Mullis ne ya ƙago dabarar ninkin a Amurka cikin 1983. A 1993 Russell Higuchi da abokan aikinsa suka nuna yadda za a bi ƙyallin ana cikin aikin. Abin da ake rubutawa shi ne zagayen da ƙyallin ya ƙetare wata iyaka. Saƙo mai yawa shi ke riga ƙetarewa, watau ƙaramar lamba ita ce alamar yawa. Tazarar zagaye ɗaya ninki biyu ce, ta uku ninki takwas.

To, lambar nan ita kaɗai ba ta shaida kome, gama wataƙila hannun mai awo ne ya yi nauyi wajen zubi. Masu nazarin karin sauti sun san irin wannan: karin sama na ƙarshen jimla yakan sauko har ƙasa da karin ƙasa na farkonta, sai an gwada shi da maƙwabtansa ake gane shi. Haka nan akan zaɓi wata ƙwayar da ake zaton ba ta sākewa, ta zama ma'auni. A ce wadda ake bincike ta ƙetare a zagaye na 25 kafin a sa magani, na 22 bayansa. In ma'aunin ya tsaya a 18, aikin ya ninka takwas. In shi ma ya sauko 15, ba abin da ya faru. Lissafin da aka fi bi ke nan, na Livak da Schmittgen, 2001.

Rauninsa, a ganina, yana cikin kalmar nan "zato". Ƙwayar GAPDH, wadda aka daɗe ana dogara da ita, aikinta kan ƙaru in iskar shaƙa ta yi ƙaranci a jiki, sa'an nan duk abin da aka auna da ita ya fito kamar ya ragu. Shi ya sa ƙa'idodin MIQE na 2009 suka nemi a gwada ma'aunin kansa tukuna, kada kuma a tsaya ga guda ɗaya ba da hujja ba.