Hisham Digig: daga filin Kenitra zuwa kofin Afirka sau uku

A ƙasar Maroko in ana zancen tamola, sunan Hakimi ke fara zuwa baki. Amma akwai wani mutum da ya kai wa ƙasarsa kofin Afirka har sau uku a jere. Sunansa Hisham Digig, fagensa kuwa tamolar cikin zaure, wadda ake kira futsal.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyar-biyar ne, har da mai tsaron gida, a kan daɓe mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20. Ana yin minti 20 sau biyu, agogo na tsayawa duk sa'ad da ƙwallo ta fita. Ƙwallon ba ta cika tsalle ba, wuri kuma ya yi ƙunci, saboda haka saurin tunani ya fi ƙarfin ƙafa amfani.

Digig ya yi wasa a ƙungiyar Ajax ta birnin Kenitra kafin ya koma horaswa. A 2010 aka danƙa masa ƙungiyar ƙasa. Farkon bai yi daɗi ba. A gasar duniya ta 2012 a Tailan, Maroko ta sha kashi a wasanninta uku duka. A ta 2016 a Kolambiya haka aka maimaita. Wasa shida, kaye shida. A ƙasashe da dama na nahiyarmu rabin wannan ya isa a sallami mai horaswa, amma hukumar tamola ta Maroko ta bar shi bisa aikinsa. A ganinmu wannan haƙuri shi ne jarin da ya fi kowane riba, ko da yake kofin Afirka da ya ɗauko a wannan shekara ta 2016, bayan ya doke Masar da ci 3 da 2, ya ba shi abin kāre kai.

A 2020 ya sake kayar da Masar, 5 da nema, a birnin Layun, gasar da Afirka ta Kudu ta ƙaurace wa saboda rikicin Yammacin Sahara. A 2024 a Rabat, Angola ce ta sha 5 da 1.

Sai dai ma'aunin gaskiya shi ne gasar duniya. A 2021 a Lituwaniya yaran Digig sun yi kunnen doki, 3 da 3, da Fotugal, wadda daga baya ta ɗauki kofin, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Nan Burazil ta tsayar da su da ƙwallo ɗaya tak. A 2024 a Uzbekistan suka fitar da Iran da ci 4 da 3, suka sake gamuwa da Burazil a wannan mataki, ta ci su 3 da 1, ta wuce ta ɗauki kofinta na shida.