Uwargida, Lafiyar Kifinki Tana Cikin Ruwansa

A yau zancenmu na kiwon tarwada ne, sana'ar da mace za ta iya yi tana cikin gidanta, a kwamin siminti ko tankin roba. Mu mutanen Kabi ba baƙin kifi ba ne, tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu. Amma kifin gulbi daban, na kwami daban. Na gulbi idan ruwa ya ɓaci sai ya yi gaba. Na kwami kuwa ba shi da wurin gudu, abin da kika zuba masa shi zai sha, a ciki kuma zai yi kashi.

Matan Dodoru da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo, ku yi hattara da ruwan fadama da na kududdufi. Yana da sauƙin samu, amma yana ɗauko ƙwayoyin cuta daga kifin daji, ga kuma maganin feshin gonakin shinkafa. Idan ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a Jihar Kebbi a 2020, abin ya fi muni. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi. Shi ma kada ki kwarara shi a ɓoye, bari ya faɗo daga sama yana fantsama don ya ɗauki iska. Na famfo kuwa a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen duro, maganin da ke ciki ya fice.

Sau da yawa mu ne da kanmu muke ɓata ruwan, wai don tausayi. Mace ta ga kifi na rububi sai ta ƙara watsa abinci. Ragowar ta nutse ta ruɓe, ruwa ya soma wari. Ba su daidai abin da za su cinye nan take. Kashegari da sassafe leƙa ki gani: idan sun taso sun tsaya tsaye a saman ruwa, ko sun ƙi ci, ko gashin bakinsu ya soma lalacewa, rage ruwan ki ƙara sabo. Kada ki zubar da shi duka lokaci ɗaya. Wanda kika rage ki kai wa zogale da alayyafo.

Bokitin kwami na kwami ne kaɗai, ban da na wanki mai Omo, kuma koma ba abar aro ba ce ko da daga aminiyarki. Sababbin 'ya'yan kifi a ware su mako 2 kafin a haɗa. Wanda ya mutu a tsame shi a binne. Kafso kuwa kada a barbaɗa sai da shawarar malamin dabbobi.

Ku kuma 'yan makaranta masu ɗebo wa Inna ruwa, ku daina kutsawa cikin kududdufi. Katantanwar da ke ciki tana ɗauke da tsutsar tsargiya, ta fata kuma take shiga jiki. Wadda ta ga jini a fitsarinta kada ta ji kunya, ta faɗa wa Inna a kai ta asibiti, akwai magani.