Jan Rush, Bafaranshen da ya kwanta a ƙasar Nijar

Matafiyin da ya taso daga Kiece, in ya hau babbar hanya a Dogondutsi, yamma ta kai shi Yamai, gabas ta kai shi Birnin Ƙonni. Labarin Mushe Jan Rush, wanda ake rubuta sunansa Jean Rouch, ya soma a Yamai, ya ƙare kusa da Ƙonni.

An haife shi a Paris cikin 1917. Ya sauka Yamai cikin 1941, yana saurayi injiniya, aka ɗora shi bisa aikin gina hanyoyi. Zamanin aikin tilas ne, Bature na ba da umurni, talaka na ɗaukar dutse. A bakin kogin Kwara ya gamu da wani yaro ɗan masunta, Damure Zika, ya ɗauke shi aiki.

Cikin 1942 tsawa ta faɗa ta kashe ma'aikatansa 10. Mutane suka ƙi taɓa gawawwakin. Sai Damure ya kai shi wurin kakarsa Kaliya, wadda ta san sha'anin Dongo, iskan tsawa a wurin Zabarmawa da Songai. Mutanen Arewa da suka san bori ba su bukatar dogon bayani a nan. Wani Bature da sai ya kira abin jahilci, ya kau da kai. Shi kuwa ya tsaya, ya duba, ya yi tambaya. Hukumar mulkin mallaka ba ta ji daɗin halinsa ba, aka tura shi Dakar a wannan shekara.

Bayan yaƙi ya komo. Cikin 1946 da 1947 ya bi Kwara cikin jirgin ruwa tun daga mafarinsa har teku, daga nan ya rungumi aikin sinima. Shi da Damure da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran suka shirya "Cocorico Monsieur Poulet" cikin 1974. Umaru Ganda da Mustafa Alasan sun yi aiki tare da shi kafin su yi suna.

Gaskiya ita ce bai tare a Nijar ɗungum ba, gidansa na Paris. Akwai kuma masu sukar yadda ya nuna baƙar fata cikin wasu finafinansa, sukar da bai kamata a rufe ba. Amma abota da Damure ta wuce shekara 60, kuma ba a wasa da irin wannan zumunci.

Ranar 18 ga Faburairu 2004, da dare, motarsa ta yi haɗari kusa da Ƙonni, Damure na ciki. Damure ya tsira, Rush ya rasu yana da shekara 86. A Yamai aka rufe shi.