Yadda manhajar ces ke gane motsin dole a cikin waya

A ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta katse layukan sadarwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar 'yan bindiga, yawancin manhajojin waya sun zama hoto. Amma manhajar darar Turawa, wato ces, irin DroidFish, ba ruwanta da sabis, domin injin Stockfish da ke cikinta a kan wayar yake yin lissafinsa. Batir take ci, don haka duk lissafin banza asarar caji ne.

Lissafin kuwa ba kaɗan ba ne. A tsakiyar wasa, ɗan wasa yana da zaɓi kusan 35. Hangen motsi huɗu kacal, biyu nasa biyu na abokin karawa, ya kai yanayi miliyan ɗaya da rabi. Shi ya sa injin ke yanke rassa: da zarar ya ga martani guda da ya lalata wani motsi, sai ya watsar da shi, ba ya wahalar duba sauran martanin.

Motsin dole ne inda ya fi samun sauƙi. Idan aka kai wa sarki hari kuma mafita ɗaya ce tak, babu zaɓi 35, hanya ɗaya ce. Bin ta da nisa ba ya cin komai, kuma galibi a ƙarshen irin wannan hanya ake kashe wasa.

Mai wuyar ganewa shi ne dolen da doka ba ta tilasta ba: motsi da yawa sun halatta, amma ɗaya ne kawai ba ya jawo asara. A nan injin yakan ajiye motsin da ya fi masa kyau gefe, ya yi wa sauran gwajin gaggawa. Idan dukansu suka faɗi ƙasa da shi sosai, sai ya ɗauke shi a matsayin dole, ya ƙara masa zurfin bincike. Masu ƙera kwamfutar Deep Thought a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ne suka fito da dabarar a wajajen 1988, ita ma Deep Blue da ta doke Garry Kasparov a 1997 ta yi aiki da ita.

Sai dai abin yana son awo. Idan injin ya riƙa ganin dole a ko'ina, binciken zai kumbura, wayar ta ɗau zafi, amsa kuma ta makara.