Man Damagaram, Kuɗin Sin, Wahalar Bakin Iyaka

Matatar man da ta fi kusa da Maigatari ba a Najeriya take ba. Tana can arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, wajen Bakin Birji, kimanin kilomita 50 daga birnin, kuma sunanta SORAZ. Tankar da ta yi lodi a can za ta iso bakin iyakarmu tun wadda ta taso daga Legas ba ta ci sulusin hanya ba. Amma duk da wannan kusanci, a yawancin shekarun da matatar ta yi tana aiki, daga kudu fetur ke tafiya arewa: a jarkoki, a bayan babura, ta hanyoyin daji da suka ratsa ƙasar Maigatari da Sule Tankarkar zuwa Dungas da Magarya. Wanda ya gane yadda aka yi haka ya gane rabin rigimar man da ke tsakanin Nijar da Sin, da Nijar da Benin, da kuma Nijar da mu.

A 2008, zamanin Shugaba Mamadou Tandja, Nijar ta ba CNPC, kamfanin mai na gwamnatin Sin, izinin haƙo mai a Agadem da ke jihar Diffa. Tandja ya kafa sharaɗi mai nauyi: sai an gina matata a cikin ƙasa. Aka shimfiɗa bututu na fiye da kilomita 400 daga Agadem zuwa Damagaram, aka buɗe matatar a ƙarshen Nuwamban 2011, lokacin Mahamadou Issoufou ke kan mulki. Kashi 60 cikin 100 na CNPC ne, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Ita kuwa SONIDEP, kamfanin gwamnatin Nijar, ita ke sayen man da aka tace ta rarraba wa gidajen mai.

A lura da wannan tsari da kyau, domin a nan ƙullin yake. Kamfanin da ke haƙo ɗanyen man shi ne mai rinjaye a bututun, shi ne kuma mai rinjaye a matatar da ke sayen ɗanyen. Gwamnati ce dai ke yanke farashin lita a famfo, kuma ita talaka ke zagi in farashin ya hau. Saboda haka tun daga ranar farko ake jayayya: nawa aka kashe wajen ginin, tunda kuɗin ya tashi daga dala miliyan 600 da aka fara faɗa zuwa kusan miliyan 980? Nawa matata za ta sayi gangar ɗanye? Nawa za ta sayar wa SONIDEP, kuma wa ke da hurumin fitar da rarar zuwa waje? Chadi ma ta ɗanɗana irin wannan. Matatarta ta Djarmaya, wadda ita ma kashi 60 da 40 ne da CNPC, an buɗe ta a 2011, ba a yi shekara ba gwamnati ta rufe ta na ɗan lokaci a Janairun 2012 a kan saɓanin farashi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gangar ɗanyen mai gangar fetur ce. Ba haka ba ne. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma ɗanyen mai gauraye ne na abubuwa masu nauyi daban-daban. A matata ana dafa shi har ya zama tururi, a tura shi cikin wata doguwar hasumiya mai hawa-hawa. Mafi sauƙin nauyi, wato gas ɗin girki, shi ke fita ta can sama. Fetur ya tsaya ƙasa da shi, sai man gas na manyan motoci, sannan mai kauri ya kwanta a gindi. Wannan mai kaurin ana sake sa shi a wata na'ura da ke farfasa shi don a ƙara samun fetur. SORAZ na iya tace ganga 20,000 a rana, wato ɗanye lita miliyan 3 da 'yan kai, kuma wani kaso ne kawai na wannan ke fitowa a matsayin fetur. Ba kuma a ƙara wa matata ƙarfi da umarnin gwamnati. Sai an zuba kuɗi, an kawo ƙarfe da injiniyoyi, an jira shekaru. In na'ura guda ta lalace, kamar yadda ya faru a 2015, komai na tsayawa har sai an kawo kayan gyara daga wajen wanda ya ƙera ta.

Lokacin da aka buɗe ta, Nijar ba ta shan ko rabin abin da take tacewa. Rarar, musamman man gas, ana fitar da ita zuwa Burkina Faso da Mali da arewacin Najeriya. Ta fuskar fetur kuwa akwai wani abu da ba a rubuta a kowace yarjejeniya ba: tallafin man Najeriya. Muddin lita na ƙasa da naira 200 a gidajen manmu, fetur ɗin jarka, wanda mutanen Nijar ke kira ruwa-ruwa, ya fi na SORAZ araha a Damagaram kanta. Baitulmalin Najeriya ya yi shekaru yana ɗauke wa Nijar wani babban kaso na buƙatarta, ƙanƙantar matatar kuma ta ɓuya.

Abuja ta san da haka, kuma maganin da ta zaɓa a kan mutanen bakin iyaka ya sauka. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu. A Nuwamban shekarar, hukumar kwastan a ƙarƙashin Hameed Ali ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Maigatari kuwa a bakin iyakar take. Mai injin niƙa, da ɗan acaɓa, da direban da ke jigilar riɗi da shanu ranar Alhamis, ko dai su gangaro wajen Gumel neman mai ko su saya da tsada a hannun 'yan bumburutu. Dokar da aka yi don a kashe fasa-ƙwauri sai ta mai da cinikin jarka hanya ɗaya tilo ta samun mai a garuruwan da ta shafa. An sake buɗe iyakar Maigatari a Disamban 2020, tare da na Illela da Seme da Mfum, amma kasuwa ta riga ta ji jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardun da aka sa wa hannu a tsakanin nan. A Yulin 2018, a gaban Buhari da Issoufou, aka ƙulla yarjejeniyar gina matata a jihar Katsina da za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar. A Nuwamban 2020 ministocin mai na ƙasashen biyu, Timipre Sylva da Foumakoye Gado, suka sa hannu a kan wata ta shigo da man SORAZ. Matatar Katsina ba a gina ta ba. Mu kuma da ke shirin yi wa Nijar dariya, mu tuna matatarmu ta Kaduna mai ƙarfin ganga 110,000, ninkin SORAZ fiye da biyar, ta shekara da shekaru a kwance, alhali tamu ce ɗari bisa ɗari, babu wani baƙo da za mu ɗora wa laifi.

Daga 2023 abubuwa suka zo a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lita ta haura naira 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar, Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Gwamnatin sojan, ta Janar Abdourahamane Tiani, ta rasa tallafin Turai da Amurka, sai ta koma ga abin da ya rage mata: sabon bututun da CNPC ta shimfiɗa, mai tsawon kusan kilomita 2,000, daga Agadem zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin, wanda zai iya ɗaukar ganga 90,000 a rana. A Afrilun 2024 ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kafin-alƙalami, za a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda da ruwan kashi 7 cikin 100.

Sai dai bututun a ƙasar wani yake ƙarewa. Nijar ta ƙi buɗe iyakarta da Benin, tana zarginta da ba Faransa mafaka. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana jirage lodin man, sai da Sin ta shiga tsakani jirgin farko ya tashi. A Yuni Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar, Nijar ta rufe famfo daga Agadem, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun a cikin ƙasar. Mai bai sake gudana ba sai wajen Agusta, bashin kuwa yana nan yana ƙirga kwana. A Disamba Tiani ya yi wata hira da Hausa inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta.

Maris ɗin 2025 ne ya tona komai. Gwamnatin Nijar ta kori manyan jami'an Sin uku, na CNPC da na SORAZ da na WAPCO mai kula da bututun. Ministan mai na lokacin, Sahabi Oumarou, ya ce ma'aikaci baƙo na karɓar kimanin dala 8,600 a wata, ɗan ƙasa kuma 1,200. A cikin watan ne layukan mai suka cika Yamai da Damagaram da Maraɗi. Wani jami'in SONIDEP ya bayyana cewa matatar tanka 25 na fetur take bayarwa a rana, buƙatar ƙasa kuwa ta kai ninki biyu, saboda ruwa-ruwa ya ƙafe bayan cire tallafin Najeriya. Ga shi kuma gwamnati ta rage farashin lita zuwa sefa 499 tun Yulin 2024, abin da ya tsuke ribar ɗan jarka ya kuma turo kowa famfo. Jaridun Najeriya suka ruwaito cewa tawaga ta zo daga Yamai, aka amince da tura tankokin mai 300. Wata uku kacal bayan zargin Disamba ke nan.

A ganina Nijar na da gaskiya a kan albashi, tana kuma da gaskiya da ta ce bayan shekaru fiye da goma ya kamata 'ya'yanta su riƙe manyan kujerun matatar. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a karɓar bashi a hannun kamfani a Afrilu, a jinginar masa da man shekara guda, sannan a zaci korar mutum uku za ta sauya wanda ke riƙe da kuɗi da kayan gyara da kasuwar ɗanyen. CNPC ba ɗan kasuwa ba ne kawai. Gwamnatin Sin ce a bayanta, saboda haka duk saɓani a kan farashin ganga yana iya rikiɗewa ya zama saɓanin ƙasa da ƙasa. 'Yancin da ke cikin mai ana samunsa ne da injiniyoyin gida, da rumbunan ajiya na watanni, da kwangilar da aka karanta wa jama'a a fili, da maƙwabta fiye da ɗaya da za a iya saye a hannunsu ranar da matata ta tsaya.

Nan ne ƙasar Gumel ta shigo. Sarautar Gumel ta zauna a Tumbi, wanda yau ke cikin Nijar, kafin ta dawo inda take. Auratayya da ciniki tsakanin mutanen nan da na Damagaram sun girmi iyakar da ta raba su. A kasuwar Maigatari naira da sefa hannu da hannu suke tafiya. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar da man gas ake ɗaukarsu, shanun da ke shigowa daga arewa da man gas ake kai su kudu. Duk ranar da Yamai ta yi faɗa da Beijin ko Kwatano ko Abuja, kuɗin mota a nan yake fara tashi, alhali ba a taɓa tambayar ko mutum ɗaya a nan ba kafin a sa hannu a kan komai.

Yau lissafin ya sauya. Najeriya na da matatar Dangote mai ƙarfin ganga 650,000, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma babu sauran tallafin da za a ce ana sacewa. Nijar ta sha ƙarancin fetur a 2025, SORAZ kuma ta saba fitar da man gas. Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025 an fara magana. Abin da ya rage shi ne 'yan majalisar da ke wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da gwamnatin Jigawa, su matsa a mai da Maigatari ƙofar cinikin mai ta halal: tanka ta shiga da takarda ta fito da takarda, a biya haraji, a wadata gidajen man bakin iyaka, a kuma rubuta ƙarara cewa saɓanin shugabanni ba zai rufe wannan ƙofa ba. Yankin ciniki maras shinge da aka keɓe a Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki yana nan, a fara daga can.